Yadda Masu Aikin Sa-kai Ke Riƙe da Gidan Tarihin Ƙaramin Gari

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu leƙa gidan tarihin ƙaramin gari, irin wanda ma'aikacinsa mai albashi bai wuce ɗaya ba, wani lokacin ma babu. Sauran aikin yana wuyan masu sa-kai: malamin da ya yi ritaya, ɗalibar da ke hutu, dattijuwar da ta san asalin kowane gida a garin. Mai ziyara ɗaki biyu ko uku yake gani da akwatunan gilashi. Aikin kuwa yawancinsa a bayan ƙofa ake yi, tun daga ranar da aka kawo kaya.

A ce wani ya shigo da kwali, ya ce kayan marigayi kakansa ne: tsohon agogo, damin wasiƙu, da hotuna. Sabon ɗan sa-kai sai ya miƙa hannu biyu yana godiya. Wanda ya daɗe a harkar da tambaya yake farawa. Kyauta ce ko aro? Kayan naka ne kai kaɗai? Sauran magada sun sani? Domin bayan shekara goma sai wata jika ta zo neman agogon, kuma in babu takardar da aka sa wa hannu cewa an mallaka wa gidan, babu mai bakin magana. Aro kuma a rubuta masa ranar dawowa. Aron da ba shi da wa'adi rigima ce aka ajiye wa na baya.

Majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, wadda aka kafa a 1946, ta fitar da ƙa'idojin aikinta a 1986, ta sabunta su a 2004. A ciki ta ce kowane gida ya rubuta irin kayan da yake tarawa, kuma kada ya karɓi abin da mallakarsa ba ta tabbata ba. Wannan rubutacciyar ƙa'idar gidan ita ce garkuwar ɗan sa-kai. A ƙaramin gari wanda ya kawo kayan maƙwabcinka ne, gobe ma za ku haɗu, cewa a'a na da nauyi a baki. Amma in keken ɗinki na shida ne aka kawo, kana iya cewa, "Yi haƙuri, ƙa'idar gidan ce ta hana." Duk abin da aka karɓa zai ci wuri, zai ci kulawa, har bayan ranmu.

To, an karɓa. Sai lamba. Ku dubi wannan: 2024.7.3. Ma'anarta kaya na uku a cikin kyauta ta bakwai da aka karɓa a 2024. Ana shigar da ita rajista, littafi ɗinkakke wanda ba a zare masa shafi, tare da kamannin abin, girmansa, halin da ya zo, da inda aka ajiye shi. Sannan abin da aka fi mantawa: labarinsa. A tambaya yanzu, mai kayan na tsaye. Wa ya yi amfani da agogon? A ina ya same shi? Wannan hoton mai mutum goma sha biyar, su wane ne? In aka bari sai wata rana, ana iya wayar gari babu mai iya faɗin sunan ko mutum ɗaya a cikinsa.

A bayan hoto da fensir mai laushi ake rubutu, a gefe, ba a dannawa. Biro na ɓullowa ta gaba, salatif kuma yana barin tabon da ba ya fita. A kan ƙarfe ko tangaran ana shafa ɗan ruwan Paraloid B-72, wani irin gam ne garai-garai, a rubuta lambar a kai, a sake shafawa, yadda in ana so a goge za ta gogu. A tufa kuwa a ɗan ƙyalle ake rubuta lambar, a ɗinka shi a jiki. Kwafin rajistar kuma a ajiye shi a wani ginin dabam. A watan Satumban 2018 gobara ta cinye mafi yawan kaya kimanin miliyan 20 na babban gidan tarihin Brazil da ke Rio de Janeiro, balle ƙaramin gida mai tsohuwar wayar lantarki.

A ɗakin ajiya abokan gaba uku ne: haske, laima da ƙwari. Haske na sa launi ya koɗe, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa, shi ya sa ake nuna takarda da tufa a haske mai rauni, kimanin lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske. Laimar iska ana so ta zauna tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. In ta haura 70 fumfuna ta samu wuri, ƙarfe ya fara tsatsa. Kwalaye a ɗora su kan kanta, kada su taɓa ƙasa. Tufar da asu ya shiga a ɗaure ta tam a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako ɗaya zuwa biyu, in an fito da ita a bar ta yini guda sanyin ya sake ta kafin a buɗe. Akwai kuma na huɗu da ba a cika faɗa ba: ɗan sa-kai mai zumuɗi, da soso da man goge ƙarfe. Da kyakkyawar niyya zai kankare tarihin shekara ɗari a awa ɗaya. Ƙura a kaɗe da buroshi mai laushi, gyara a bar wa ƙwararre.

Kuɗi kuwa daga kuɗin mambobi ne, da akwatin gudummawa, da tallafi jefi-jefi. Matsalar tallafi, an fi bayar da shi don sabon baje koli, alhali rufin da ke yoyo da inshora su ke cinye asusu. Kwamitin amintattu ya ware wa waɗannan nasu tun farko, kuma kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu.

Ɗan sa-kai ba a ba shi umarni kamar ma'aikaci, ran da ya gaji sai ya daina zuwa. A ba kowa abin da ya dace da shi: mai son hira ya tari baƙi, mai son shiru ya zauna da rajista. Haɗarin da ya fi kowanne shi ne komai ya taru a kan mutum ɗaya, makulli a aljihunsa, kalmar sirrin kwamfuta a kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane aiki a samu mutum biyu da suka iya, a kuma rubuta yadda ake yinsa.

Kayan da ke zuwa da kansu galibi daga gidajen masu hali suke fitowa, don su ke da abin ajiyewa da wurin ajiyewa. Leburori, mata, da baƙin da suka zauna a garin daga baya sai an bi su har gida da rikoda. Kafin a danna, a faɗa wa mutum inda muryarsa za ta je, ya amince a rubuce ko a cikin naɗin kansa. Ita ma muryar a ba ta lamba a rajista, a yi mata kwafi uku, ɗaya a wajen ginin.