Aibin gida da sirrin mai gida: laccar wani dattijon dillali a Garwa

Wannan magana ce da wani dattijo dillalin gidaje da filaye yayi wa samarin unguwarmu anan Garwa, a arewacin Kamaru, bayan la'asar. Na ɗauka a waya na zauna na rubuta yadda ya faɗa, inda ƙarar moto, wato babur, ta rufe muryarsa kawai na tsallake.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam liman Allah ya gafarta, iyayena dake zaune a gaba, da ku ƴaƴana samari da kuka aika aka kira ni, Allah ya saka da alheri. Ance in zo inyi muku bayanin sana'armu tunda da yawanku kun fara sa ƙafa a ciki, wasu ma da moto suke haɗawa, ka ɗauko fasinja yace yana neman shambur salon, wato ɗaki da falo, ka zagaya dashi Yelwa ko Marware ko Rumde Ajiya, in ya samu ya ɗan baka wani abu, toh ka sani daga ranar nan ka zama dillali ko baka kira kanka haka ba, kuma duk abinda ke wuyanmu ya hau naka.

Aikin kansa babu wani ɓoye a ciki, ƙafa ce da kunne. Ana idar da asuba waya ke fara kuka, kafin rana ta ɗaga na leƙa gida uku huɗu, don duk wanda yasan Garwa a watan Maris da Afrilu yasan zafi na wuce digiri 40, in baka gama yawonka da safe ba sai bayan la'asar. Labarin gida kuma ba a ofis ake samunsa ba. Wajen mai shayi ake samu, da masu gadi, da magina, da yaran nan masu tura ruwa a kura don su suke shiga kowane gida su san wanda ke ɗaure kaya, ku riƙe su da mutunci, in ciniki ya faɗa ta hanyarsu ku basu nasu. Sannan sana'ar tana da kaka da rani kamar noma. Agusta da Satumba lokacin da ake canja wa malaman makaranta da ma'aikata wurin aiki, wannan ya taho daga Yawunde wancan daga Marwa ko Ngaundere kowa na neman inda zai sauke iyali kafin a koma makaranta, lokacin ko abinci a tsaye muke ci. Tunda aka kafa jami'ar Garwa a 2022 kuma neman ɗaki ɗaya ɗaya ya ƙaru. Kun tuna Janairun 2022 da akayi ƙwallon Afrika a filin Rumde Ajiya, Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau duk anan suka buga, baƙi suka cika gari, wasu masu gidaje suka ɗauka haka za'a dawwama suka tsawwala kuɗin haya, baƙi suka tafi ɗakuna suka zauna a rufe.

Maganar la'ada a taƙaice: a haya abinda aka saba kuɗin wata ɗaya ne, a sayarwa kuma wani wuri kashi 5 wani wuri kashi 10, ya danganta da yadda akayi magana, amma ayi maganar tun kafin a taka zuwa filin, a gaban shaidu. Kuma kuɗin dillali ba albashi bane, yau miliyan ta shigo hannunka sai kayi wata huɗu baka ga dala ba. Ni ranar da la'ada ta faɗo bana zuwa gida sai na biya kasuwa na ɗora buhunan masara da dawa, na biya kuɗin makarantar yara, abinda ya rage shine nawa.

Yanzu bari in zo kan abinda ya kawo ni, wanda ban cika faɗa ba don har yau in na tuna ƙirjina yana min nauyi.

Akwai wani tela, mutumin kirki, ya shekara da shekaru yana tara kuɗi a kan keken ɗinki don ya fita daga gidan haya. Da rani yazo wajena yace Alhaji ga abinda na tara, ka nemo min fili daidai ƙarfina. Na kai shi wani wuri can gangare ta wajen kogi, fili shimfiɗe fes, araha, iska na kaɗawa, ya tsaya yana nuna min da hannu nan zai sa ɗakin mahaifiyarsa nan ɗakin iyali. Ni kuwa nasan wurin. Naga baƙar ƙasar nan da ta dare ta tsattsage, naga layin da ruwa ya bari a jikin katangar maƙwabci ya kusa kai min gwiwa, nasan da damina me ke faruwa. Bai tambaye ni ba, ni kuma nayi shiru, nace a raina ai banyi ƙarya ba. Ya biya, aka sallama, na karɓi la'adata. Ya zuba duk abinda yake dashi ya tada ɗaki biyu ya tare. Sai ga ambaliyar 2012, wadda duk wanda ke nan da wayonsa ya gani, Binuwai ya cika ya tumbatsa, aka saki ruwan madatsar Lagdo, ƙauyuka da unguwannin bakin kogi suka nutse. Ɗakunan nan biyu suka zauna ƙasa, da ƙyar aka fito da tsohuwar. Mutane suna ta cewa ai ikon Allah ne, ruwan bana ko masu tudu ya taɓa, gaskiya ne ikon Allah ne, amma ni nasan ko a shekarar da ba'a yi ambaliya ba ruwa na kwana a wurin nan sati biyu sati uku, kuma nasan da na buɗe baki sau ɗaya da bai saya ba.

Abinda yafi damuna, bawan Allah nan bai taɓa faɗa min baƙar magana ba. Duk Juma'a mu haɗu a masallaci ya miƙo min hannu biyu yace Alhaji ina gajiya ya iyali. Na kai wata shida bana iya kallon idonsa. Daga baya na ɗauki la'adar nan cif na same shi a shago na faɗa masa gaskiya cewa nasan halin wurin tun farko, yayi shiru ya daɗe, sannan yace ya yafe. La'ada ta koma, amma siminti da kwano da shekarun da yayi yana taka keke babu wanda ya maida masa.

Malam yana nan ya gyara min in na kuskure, akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Hakimu ɗan Hizam, cewa mai saye da mai sayarwa in sunyi gaskiya kuma sun bayyana za'a sa musu albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sunyi ƙarya za'a shafe albarkar. Abu biyu aka ambata, gaskiya da bayyanawa. Ni na tsaya a kan cewa banyi ƙarya ba, na manta da na biyun.

Don haka ku koyi karanta ƙasa. Ku dubi gindin katangun maƙwabta ko akwai layin ruwa ko gishiri gishiri, ku dubi ko mutanen wurin sun ɗaga dokin ƙofarsu sama fiye da ƙima, ku dubi irin ciyawar da ta bushe a wurin ko ta fadama ce, baƙar laka mai tsagewa tana kumbura da damina ta motse da rani ta fasa gini in ba'a yi tushe mai kyau ba kuma wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata mai saye ya sani. Ku tambayi tsofaffin matan unguwa, su basa ɓoye maganar ruwa. Gidan haya ma haka, rufin da ke yoyo, masai da ta kusa cika, kontar wuta ɗaya da gida biyar ke rabawa ana rigima duk ƙarshen wata, famfon da baya kawo ruwa sai tsakar dare, ku faɗa kafin mutum ya ajiye kosiyo, wato kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa, da kuɗin wata uku.

Sai takarda, nan ne samari kuke yawan faɗawa rami. Dokar filaye a Kamaru tun 6 ga Yuli 1974 take, kuma a idonta shaidar mallaka guda ɗaya ce, titir fonsiye, wato takardar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa. Takardar da jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, ya sa wa hannu tana da amfaninta, tana nuna mutanen wurin sun sani, muna girmama sarakunanmu, amma ba titir bace, kuma dokar nan cewa tayi sayar da filin da ba'a yi masa rajista da sunan mai sayarwa ba ɓatacce ne, wanda ke da titir kuma sai a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta ciniki da tabbatar dashi, ake cinikinsa. Nasan mafi yawan filayen da muke hulɗa dasu a bayan gari basu da titir, haka rayuwar take, toh amma mai saye ya sani, kar ka miƙa masa takardar unguwa kace masa shikenan ya gama. Faɗa masa akwai sauran tafiya: a shigar da buƙata, kwamitin da superefe, wato shugaban gunduma na gwamnati, ke shugabanta ya fito tare da sarkin wurin da dattawa su duba, jiyomet, wato mai awon fili, ya auna ya kafa born, duwatsun iyaka kenan, a bada lokaci ko wani zai fito da ƙorafi. Dokar 2005 ta rage wahala tunda ta dawo da aikin jiha ba sai takardu sun tafi Yawunde ba, amma har yanzu yana cin lokaci da kuɗi. In kuma ance maka fili na da titir kar ka tsaya a fotokofi, ɗauki lambar kaje ofishin filaye a duba maka sunan waye a kai yau, ko an jinginar dashi a banki. Na ga fili ɗaya da mutum uku kowa ke riƙe da takardarsa, ɗaya ya kawo yashi ɗaya ya kawo bulo suka haɗu a wurin. Mu kanmu ma akwai dokar 2001 da ta tsara sana'ar dillancin gidaje, mai son ya buɗe ajans, wato ofishin dillanci, a hukumance sai da katin sana'a, wanda Allah ya hore wa cikinku ya nema.

Gidan gado kuwa ku taka a hankali. Babban wa zai zo maka yace ni ne babba duk sun wakilta ni. Ka ce masa madalla, a kai ni in ji daga bakinsu, har matan da ke gidan aure, har matar mamacin da ke da tumuninta, in akwai marayu ƙanana waye waliyyinsu. Sau da dama in na zauna a zaure aka kira ƙannen mata sai in tarar basu ma san ana sayar da gidan ubansu ba. Irin wannan cinikin na bari ya wuce ni ba sau ɗaya ba, don taƙi ɗaya na ƙasar wani Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya faɗi abinda za'a rataya wa mutum a wuya saboda shi ranar ƙiyama.

Amma ku lura da ɗaya gefen, don kar ku fita nan kuce Baba yace a faɗi komai. Aibin gida ake faɗa, sirrin mai gida rufewa ake. Babu wanda ke sanin cikin gari kamar dillali. Mu muke fara sanin attajirin da bashi ya ci, da wanda zai sayar da gida don ya kai matarsa asibiti, da auren da ya mutu ake raba kaya. Mutum zai kira ka da dare ya rufe ƙofa yace dan Allah kar kowa yaji. In ka je ka raɗa wa mai saye cewa ai a matse yake taya ƙasa ƙasa zai sallama, wallahi ka yanka shi da wuƙar da ya baka ajiya. Mai saye yana da haƙƙin sanin ruwa da iyaka da takarda da rigimar da ke kan fili, bashi da haƙƙin sanin abinda ya sa hawaye a idon mai sayarwa. Ko uwargidana, shekarunmu da yawa tare, bata jin irin wannan daga bakina, kuma daga magariba zuwa isha wayata a kashe take don yara su samu ubansu.

Anan wani saurayi ya ɗaga hannu yace Baba, in na faɗi aibin wuri mai saye ya fasa, gobe wani dillalin zai kai wani ya sayar ya ci la'adar, ni na tashi a banza.

Ɗana gaskiya ka faɗa, zai faru, ya faru dani ba adadi, kuma ba zan ce maka ranar zaka ji daɗi ba, akwai ranar da na koma gida babu kuɗin cefane saboda haka. Amma ba duk wanda ka faɗa wa ke fasawa ba. Wani zai ce toh a rage min kuɗi in yi ciko in ɗaga tushe, ya saya da idonsa a buɗe, kuma irin wannan in ƙaninsa zai sayi fili kai zai kira. Telan nan da na baku labari, da ya sake tara wani abu bayan shekaru, ni ya sake nema, na kai shi kan tudu muka je tare sau biyu, sau ɗaya da rani sau ɗaya ana tsakar ruwa.

Yanzu muna cikin Agusta, lokacin da ƙasa ke faɗin gaskiyarta kenan. Ranar Asabar in Allah ya kaimu ƙarfe 7 na safe mu haɗu anan ƙofar masallaci, kowa ya sa takalmin roba ya cika wayarsa da caji, zan zagaya daku gangaren nan ku ga inda ruwa ke kwana, ku ɗauki hoton kowane fili da kwanan wata ku ajiye, wanda yazo muku neman wuri a watan Maris ku buɗe ku nuna masa. Masu moto ku taimaka ku ɗauki waɗanda basu da abin hawa, man ni zan zuba.