Wutar Lantarki, Gawayi da Dazukanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, malamaina da sauran mahalarta, zan fara wannan lacca ne daga bakin murhu, domin a nan ne maganar makamashi take shiga kowane gida.

Najeriya tana da mutane sama da miliyan 200, amma wutar da ake rabawa daga babban layin ƙasa ba kasafai take wuce megawat 5,000 ba, duk da madatsun ruwan Kainji da Jebba da Shiroro, da kuma ta Zungeru mai megawat 700 da ta zo daga baya. Wannan ƙarancin yana cikin abubuwan da suka durƙusar da masana'antu da dama a Sharada da Bompai a Kano, shi ne kuma ya bar tela da mai walda suna dogaro da janareta. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta yi tsada, gas ɗin girki ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma ga itace da gawayi. Buhunan gawayin da muke gani jibge a bakin manyan hanyoyi, jiya bishiyoyi ne da suke tare iska da kwararowar hamada.

Ni dai ban ga laifin uwar da ta hura wuta don ta dafa wa 'ya'yanta tuwo ba, kuma dokar hana sare itace ba za ta yi tasiri ba matuƙar ba a sauƙaƙa mata gas da murhu mai cin itace kaɗan ba.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna mana wata hanya. Tun daga shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓar rassa kaɗan masu ƙarfi suna sassabe sauran, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ba tare da dashe ba. Gawo, wanda yake zubar da ganye da damina, yana ƙara wa ƙasa taki ba ya kuma yi wa gero inuwa, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani, rassan da aka rage kuma su ne itacen girki da mata suke samu a gona, har su kai rarar kasuwa.