Me Ya Sa Mai Gudun Fanfalaki Ba Ya Gwada Kilomita 42 Kafin Ranar Gasa?

Barkanmu da sake saduwa, masu kallo. Mutumin da kuke gani yana ɗaure igiyar takalminsa tun gari bai gama wayewa ba, saura masa mako uku ya shiga gasar gudun fanfalaki. Ku duba bayan rigarsa da kyau, za ku ga suna an rubuta shi da hannu. Sunan wani majinyaci ne da ke fama da kansar jini, kuma dominsa da ire-irensa ne wannan bawan Allah ya shafe watanni yana atisaye, yana roƙon 'yan uwa da abokan arziki su ba da gudummawa ga masu binciken maganin cutar. Yau zai yi gudu mafi tsawo a duk shirinsa, wato kilomita 32, daga nan kuma ba zai ƙara ko taku ɗaya a kan haka ba sai ranar gasa.

A nan ne mutane da yawa suke ɗaga gira. Tambayar da ake ta jefa wa masu irin wannan gudu ita ce: idan gasar ta haura kilomita 42, ta yaya mutum zai karɓi kuɗin jama'a alhali bai taɓa gwada tsawon gaba ɗaya ba? Wasu ma suna ganin kamar ragwanci ne, musamman idan suka ji cewa a makonnin ƙarshe rage gudun yake yi. Wannan ruɗanin ne muke son warwarewa a yau, amma kafin nan bari mu ga inda kuɗin yake tafiya.

A cikin ɓargo ake ƙera jini. Daga can jajayen ƙwayoyin jini suke fitowa, masu ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa ga tsoka, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Kansar jini tana farawa ne idan wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi suka lalace suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har su cunkushe wurin da lafiyayyu ya kamata su samu. Manyan rukunanta uku ne: lukimiya, da limfoma, da mayeloma. Majinyacin da jajayen ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci, hawa ɗan matakala kaɗai kan sa shi haki kamar wanda ya yi tsere. Wannan alaƙa tana taɓa ni ƙwarai, domin abin da mai gudu ke taƙama da shi a kan titi, wato jinin da ke kai iska ga ƙafafunsa, shi ne ainihin abin da cutar ke ƙwace wa wanda aka rubuta sunansa a rigar.

Bincike kuwa ya nuna amfaninsa a fili. A shekarar 1948 likita Sidney Farber na birnin Boston a Amurka ya bayyana cewa wani magani ya sa lukimiya ta lafa na ɗan lokaci a jikin wasu yara, a zamanin da ake ɗaukar cutar a matsayin wadda ba a tashi daga gare ta. Yau a ƙasashen da ke da ingantattun asibitoci, kusan yara 9 cikin 10 masu nau'in lukimiyar da ta fi kama yara suna rayuwa. A 1960 masana biyu a Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford, suka gano wata tawaya a ƙwayar halittar masu wani nau'in lukimiya na manya, kuma sai a 2001 aka amince da maganin Gleevec wanda ke kai hari kai tsaye ga wannan tawayar. Shekara 41 ke nan tsakanin ganowa da magani, kuma kowace shekara a cikinsu sai da aka biya ma'aikata aka sayi kayan gwaji. A 1988 wani uba mai suna Bruce Cleland, wanda 'yarsa ta kamu da lukimiya, ya tara mutum 38 suka shiga gasar gudun fanfalaki ta birnin New York, suka haɗa dala 322,000 don yaƙi da cutar. Gasar Landan kuwa, wadda aka fara a 1981, masu gudunta sun tara wa ƙungiyoyin agaji iri-iri sama da fam biliyan ɗaya.

Tsawon gasar kilomita 42 ne da mita 195, ma'aunin da ya samo asali daga wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a 1921. Mai farawa yakan buƙaci mako 16 zuwa 20 na shiri, bayan ya ga likita an duba zuciyarsa da hawan jininsa. Yana gudu sau uku ko huɗu a mako, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, yana barin ranakun hutu a tsakani, kuma yana samun takalmin da ya dace da ƙafarsa tun da wuri. Duk wannan babu mai gardama a kai, hotunan da ke wucewa yanzu sun isa bayani. Mu koma ga dogon gudun mako-mako, inda ake samun saɓani.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, dogon gudun atisaye ba jarrabawa ba ce da mutum zai nuna cewa ya iya. Aikinsa shi ne ya sauya jiki a hankali. Idan mutum ya yi gudu mai tsawo cikin natsuwa, zuciyarsa tana ƙara ƙarfin tura jini a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini suna ƙaruwa a cikin tsoka, kuma tsokar tana koyon ƙona kitse maimakon ta dogara ga sukari kaɗai. Ku saurari waɗannan biyun da ke gudu kafaɗa da kafaɗa. Kuna jin suna hira, kowa yana kammala jimlarsa ba tare da numfashi ya sarƙe masa ba. Wannan shi ne ma'aunin saurin da ya dace. Wanda ba ya iya furta cikakkiyar jimla a dogon gudunsa ya yi sauri da yawa, ko da kuwa yana ganin kamar tafiyar hawainiya yake yi.

Batun kitse da sukari yana buƙatar mu ɗan tsaya, domin shi ne asirin gasar gaba ɗaya. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari mai suna gilaikojin a cikin hanta da tsoka, kuma rumbun ba shi da girma, abin da ke ciki bai wuce kimanin kalori 2,000 ba (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da jiki ke samu daga abinci). Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Ku dubi lissafin a kan allo: mutum mai nauyin kilo 70, idan ya yi kilomita 42, yana buƙatar kusan kalori 2,900. Kun ga akwai giɓi. Shi ya sa tsakanin kilomita 30 da 35 ake ganin mutumin da ke tafe garau ya fara jan ƙafa, idanunsa sun yi zuru-zuru, kamar an zare masa laka. Masu gudu suna kiran wannan yanayi da cin karo da bango. Gudun da ake yi a hankali na tsawon sa'o'i shi ke koya wa jiki ya riƙa ɗiba daga kitse, wanda rumbunsa ya fi girma nesa ba kusa ba, ya tanadi sukarin don ƙarshen hanya.

To, idan haka ne, me zai hana a yi kilomita 42 ɗin a atisaye, jiki ya saba? Amsar tana cikin ƙashi da jijiya. Zuciya da huhu suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya buɗe. Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka kuwa suna da nawa, watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Ku kalli wannan ƙafa da muka rage wa saurin hoto yayin da take dira a ƙasa. Duk dirar nan tana ɗora wa ƙafar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma a gasa guda ana yin irinta fiye da sau 30,000. Bayan kimanin sa'o'i uku ana gudu, tsokar da ke tare wannan duka ta gaji, tafiyar mutum ta karkace, sai gwiwa da ƙwauri da tafin ƙafa su fara ɗaukar abin da ba nasu ba. Daga wannan lokaci ribar da ake samu tana raguwa, ɓarnar kuma tana ƙaruwa. Wanda ya yi cikakken tsawon gasa yakan buƙaci makonni kafin tsokarsa ta warware, kuma a cikin waɗannan makonnin ba zai iya atisayen kirki ba. Idan kuma aka yi rashin sa'a ƙashin ƙwauri ya tsage, to maganar gasa ta ƙare a wannan shekarar. Saboda haka mafi yawan masu horarwa suke tsayar da mai farawa a kilomita 30 zuwa 32, ko a wajen sa'o'i uku, duk wanda ya fara cika.

Sauran kilomita 10 ɗin fa, daga ina za su fito? Suna fitowa daga tarin gudun da aka yi a watanni huɗu ko biyar, domin kusan kowane dogon gudu an yi shi ne da ƙafafun da ba su gama hucewa daga aikin makon ba. Suna kuma fitowa daga hutun makonni ukun ƙarshe, wanda shi ne matakin da aka fi yi wa mummunar fahimta.

Jiki ba ya ƙara ƙarfi a lokacin da ake gudun. A kan titi ana yi wa tsoka ƙananan raunuka ne, sai an kwanta an yi barci an ci abinci sannan take gyara kanta, ta dawo da ƙarfin da ya ɗara na da. Wannan gyaran yana ɗaukar lokaci, shi ya sa wahalar da mutum ya sha saura kwana 10 a shiga gasa ba za ta haifar masa da komai ba a ranar sai gajiya. Don haka bayan gudun kilomita 32 na yau, mutumin namu zai rage nisan da yake yi a mako zuwa kusan kashi uku cikin huɗu, mako na gaba ya koma wajen rabi, a makon ƙarshe kuma ya tsaya ga ɗan gajeren gudu don kada ƙafa ta yi sanyi. A wannan tsakanin raunukan suna warkewa, rumbun gilaikojin yana cika, bashin barcin da aka yi ta ci ana biyansa.

Ina so in faɗi wani abu a nan wanda babu hoton da zai nuna shi. Wanda ke gudu don neman lambar yabo yakan karɓi wannan hutu ba tare da damuwa ba. Wanda ke gudu da sunan majinyaci a bayansa kuwa, hutun yana yi masa nauyi a zuciya. Yana tuna cewa wancan yana kwance ana ɗura masa magani mai zubar da gashi da hana cin abinci, ba shi da ranar hutu, sai ya ji kunyar zama a gida. Yana tuna mutanen da suka cire daga ɗan abin da suke da shi suka ba shi, sai ya ga kamar dole ya nuna musu gumi kowace safiya. Na fahimci wannan ji, kuma ina girmama shi, domin daga tausayi ya fito. Amma shi ne ke tura mutane su ƙara gudu a lokacin da ya kamata su rage, su ji zafi a ƙwauri su danne, har su wayi gari ranar gasa da ƙafa a ɗaure. Alkawarin da ya yi wa masu gudummawa shi ne zai tsaya a layin farawa da lafiyarsa ya yi iya ƙoƙarinsa ya kai ƙarshe, kuma hutun nan yana cikin cika alkawarin. Ku kuma da kuka ba da kuɗinku, idan kuka ga ya rage fita a makonnin ƙarshe, kada ku tambaye shi ko ya karaya ne. Ku tambaye shi ko yana samun isasshen barci.

Ga ranar gasa ta zo. Ba a sa sabon takalmi, ba a gwada abincin da ciki bai saba da shi ba. Ana farawa a hankali duk da cewa jama'a na ta sowa kuma ƙafa tana jin kamar ta tashi sama, domin saurin da aka yi a kilomita 10 na farko ana biyan bashinsa a 10 na ƙarshe. Ana ɗan shan abu mai sukari a kan hanya tun kafin a ji rauni, kimanin giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace sa'a, kamar yadda aka saba a dogon gudun atisaye. Ruwa kuma a sha gwargwadon ƙishi, saboda ɗirkar ruwa fiye da kima yana tsinka gishirin jini, abin da kan iya kai mutum asibiti. Ku dubi allon da yake wucewa yanzu, an rubuta 32. Daga nan kowane taku sabo ne a gare shi, bai taɓa zuwa wannan wuri ba, amma kun ga kafaɗarsa ba ta faɗi ba, kuma har yanzu yana iya ɗaga hannu ya amsa gaisuwa.

Game da kuɗin, abin da ya fi tsafta shi ne gudummawa ta tafi kai tsaye ga asusun ƙungiyar da ke tallafa wa binciken, wadda take da rajista kuma take wallafa rahoton yadda take kashe abin da ta samu, maimakon ta bi ta aljihun mai gudu. A bayyana wa jama'a tun farko ko kuɗin shiga gasa da na tafiya daga aljihunsa za su fito. Bayan ya ƙetare layin ƙarshe, ko a sa'o'i huɗu ya gama ko a shida, ko ma ya haɗa da tafiya a wasu wurare, sai ya huta kwana biyu, sannan ya aika wa duk wanda ya taimaka jimillar abin da aka tara da shaidar cewa ƙungiyar ta karɓa.