Farfesa Graham Burton da sirrin mabiyiya a farkon ciki

ZAINAB: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Anti Rakiya, wadda ta daɗe tana karɓar haihuwa a asibiti, da Malam Kabiru, malamin kimiyyar halittu. Yau zancen mabiyiya za mu yi, da wani Bature da ya ƙarar da rayuwar aikinsa a kanta. Malam, wane ne shi?

KABIRU: Farfesa Graham Burton ne, na Jami'ar Kambirij a Ingila. Likitanci ya karanta, amma bincike ya ja shi. Shi ne shugaban farko na cibiyar binciken mabiyiya da aka buɗe a jami'ar a 2007.

ZAINAB: Cibiya sukutum saboda abin da ake wankewa a binne a bayan ɗaki?

RAKIYA: Zainabu, mu a ɗakin haihuwa ba ma raina ta. Ko jariri ya yi kuka ba na yi wa kowa barka sai ta faɗo. In ta faɗo, sai na shimfiɗa ta a tire, na juya ta gaba da baya, na haɗa ɓangarorinta na ga ko akwai gurbin da ya ɓalle. Guntu ɗaya ya maƙale a ciki, jini zai iya tafiya da mace. Nauyinta wajen rabin kilo ne, amma wata tara ita ce huhun yaron, ita ce hanjinsa, ita ce ƙodarsa.

KABIRU: Kuma ba jikin uwa ba ce, Anti. Daga ƙwan da ya zama jaririn ta fito, rabin gadonta na uba ne.

RAKIYA: Ƙwarai kuwa. To me mutumin naka ya gano?

KABIRU: A da, littattafan likitanci suna koyar da cewa da zarar ciki ya zauna, jinin uwa zai fara kwarara cikin mabiyiya. A 1987 wasu masana biyu a Beljiyam, Hustin da Schaaps, suka ce a'a, a watanni uku na farko jinin ba ya shiga sosai. Mutane da yawa ba su yarda ba, don hankali bai ɗauka ba. Yaro yana haɗa zuciya da ƙwaƙwalwa, a ce lokacin ne aka tare masa jini?

ZAINAB: Ni ma tambayar da ke bakina ke nan.

KABIRU: To shi Burton sai ya koma kan wata tsohuwar ajiya a Kambirij. Wani farfesa da ya gabace shi, Dixon Boyd, ya bar mahaifun da aka cire wa mata a tiyata da ƙaramin ciki a ciki, an yanyanka su siri-siri an manna a gilashi. Burton da abokin aikinsa Eric Jauniaux, likitan mata a Landan, suka bi su ɗaya bayan ɗaya a madubin ƙara girma, suka buga sakamakon a 1999. Bakin jijiyoyin da ke kawo jinin uwa a toshe yake, kuma ƙwayoyin mabiyiyar ne da kansu suka shiga suka toshe. Sai wajen mako na 10 zuwa na 12 toshiyar take saki.

RAKIYA: Ikon Allah. Ita da kanta take rufe wa kanta hanya.

KABIRU: Ba su tsaya nan ba. A 2000 suka auna iskar oksijin a cikin mabiyiya da wata siririyar na'ura, da yardar matan. A mako na 8 ba ta kai 20 ba a ma'aunin da ake amfani da shi, a mako na 12 ta haura 50. Dalilin da suka bayar shi ne, oksijin in ya yi yawa yana ƙona ƙwayoyin halitta masu taushi, kuma a farkon nan mabiyiya ba ta gama haɗa sinadaran kare kanta ba.

ZAINAB: Tsaya Malam. In jini ba ya shiga, me yaron yake ci duk tsawon makonnin nan?

KABIRU: Nan ne wurin da ya fi burge ni. A bangon mahaifa akwai ƙananan kafofi masu tsatso da wani ruwa mai sukari da maiƙo da furotin. Masana dabbobi sun daɗe da saninsa a tumaki da dawakai, suna kiransa nonon mahaifa, amma an ɗauka ɗan Adam ya wuce wannan da zarar ƙwai ya dasu. A 2002 Burton ya nuna cewa kafofin suna ci gaba da zuba ruwan cikin mabiyiya har aƙalla mako na 10.

RAKIYA: Wato kenan lafiyar mahaifa tun kafin a ɗauki cikin tana da nata hannu. Abin da nake faɗa wa mata kullum ke nan, kada a jira ciki ya fito sannan a fara kula da kai.

KABIRU: Akwai kuma wani abu da za ki gane fiye da ni, Anti. Da farko jijiyoyin mabiyiya suna kewaye da jakar yaron gaba ɗaya. Da jini ya fara shigowa, ta gefe yake farawa, sai na gefen su ƙone su lafe su zama tantanin nan da ke fashewa da ruwa. Na tsakiya ne suke saura, shi ya sa take fitowa zagaye kamar faifai.

RAKIYA: Wallahi tantanin nan nakan ɗaga shi a haske na duba ko ya cika, ashe tabon wancan lokacin nake kallo. To ɓari fa?

KABIRU: Sun ga cewa a yawancin ɓarin farkon ciki, toshiyar ba ta yi kyau ba, jini ya shigo da wuri kuma ko'ina lokaci guda.

RAKIYA: Ina so iyayen miji su ji wannan da kunnensu. Yarinya ta yi ɓari a wata biyu, a ce ai daka ta yi, ai ruwa ta ɗauka. Abin yana faruwa ne a wurin da ba ta da iko da shi ko kaɗan, kuma kusan rabin irin wannan ɓarin tun daga haɗuwar ƙwan matsalar take.

ZAINAB: Anti, jijjigar masu ciki fa? Na ji an ce ita ma daga nan take.

RAKIYA: Daga nan take. Aikin ƙwayoyin mabiyiya ne su buɗa jijiyoyin uwa su yi faɗi, jini ya riƙa shiga a hankali. In ba su buɗa da kyau ba, mabiyiya ta wahala, sai ta saki abubuwa cikin jinin uwa. Bayan mako 20 sai ki ga hawan jini, fuska da hannu sun kumbura, ciwon kai, ido yana ganin walƙiya. Jijjiga na cikin manyan abubuwan da ke kashe mana mata a Arewa. Allurar magnesium tana tsayar da ita, amma ba ta warkewa sai mabiyiya ta fita.

KABIRU: Matsalar binciken ita ce ba yadda za a leƙa cikin mace a mako na 3 ko na 4, ɓera kuma cikinsa kwana 20 ne, mabiyiyarsa daban take. Shi ya sa abin da suka yi a 2018 ya zama babban labari. Margherita Turco, tare da Burton da Farfesa Ashley Moffett, suka raini ƙananan curin mabiyiya a ɗakin gwaji. Da suka tsoma tsinken gwajin ciki na kemis a ruwan da curin ke ciki, sai ya nuna akwai ciki.

ZAINAB: Duk a Turai ake wannan? Matanmu fa?

KABIRU: Akwai Dakta Annettee Nakimuli ta Jami'ar Makerere a Yuganda. Ta yi aiki da Moffett kan matan asibitin Mulago a Kampala, kuma a 2015 suka nuna wani gadon garkuwar jiki da ake samu a matan Afirka, ba a samu a Turawa ba, wanda ke rage haɗarin hawan jinin ciki.

RAKIYA: Irin wannan nake so na gani a Kano da Zariya da Sakkwato, don marasa lafiyar a hannunmu suke. Kafin nan, mace ta fara awo tun cikin wata uku na farko. Wadda ta taɓa jijjiga ko take da hawan jini, likita zai iya ɗora ta kan ƙaramin asfirin daga mako na 12, amma kada ta saya ta sha da kanta.

ZAINAB: Anti, Malam, mun gode ƙwarai. Masu sauraro, ku turo tambayoyinku, Anti Rakiya za ta amsa su a shiri na gaba in Allah ya kai mu.