Peeping Tom: Fim ɗin da ya jawo wa Michael Powell baƙin jini kafin a gane darajarsa

A watan Afrilu na shekarar 1960 aka haska wani sabon fim a birnin Landan, kuma kafin a je ko'ina masu sharhin jaridun Birtaniya suka taru suka yi masa rubdugu. Derek Hill na jaridar Tribune ya rubuta cewa abin da ya dace da fim ɗin shi ne a kwashe shi da shebur a zuba a magudanar ƙazanta mafi kusa. C. A. Lejeune ta jaridar Observer ta ce ta daɗe ba ta ga fim ɗin da ya tayar mata da zuciya irinsa ba. Sunan fim ɗin Peeping Tom, kuma wanda ya ba da umarninsa, Michael Powell, yana cikin daraktocin da ƙasar take alfahari da su a wancan zamani. A wannan bidiyo za mu duba abin da ke cikin fim ɗin da ya harzuƙa mutane haka, da kuma yadda abin da aka yi wa tofin Allah-tsine ya koma abin koyarwa a makarantun fim. Sai dai ku sani cewa za mu bayyana yadda labarin ya ƙare.

Sunan fim ɗin ya samo asali ne daga wata tsohuwar almara ta garin Coventry a Ingila, inda aka ce wata matar basarake mai suna Godiva ta ratsa gari a kan doki babu sutura domin mijinta ya sassauta wa talakawa haraji. Kowa ya rufe ƙofarsa, in ban da wani tela mai suna Tom da ya leƙa, aka ce nan take ya makance. Tun daga nan Turawan Ingila suke kiran duk mai leƙen mutane a ɓoye da wannan suna.

Powell ba sabon shiga ba ne. Shi da abokin aikinsa Emeric Pressburger ne suka shirya Black Narcissus a 1947 da The Red Shoes a 1948, finafinai masu launi da ƙawa waɗanda iyalai suke zuwa kallo cikin natsuwa. Sun raba gari a 1957, daga nan Powell ya haɗu da marubuci Leo Marks, mutumin da ya yi aikin ƙirƙirar rubutun sirri ga jami'an leƙen asirin Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da fari niyyarsu ita ce su shirya fim a kan rayuwar masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud, amma da suka samu labarin cewa darakta John Huston ya riga su, sai Marks ya kawo labarin wani saurayi da ke kashe mata da kyamararsa.

Fim ɗin ya buɗe ne da dare a wani titin Landan. Mutum ya ɓoye kyamara a cikin rigarsa, ya tunkari wata karuwa mai suna Dora, ta ce masa kuɗinta fam biyu ne. Daga wannan lokaci duk abin da mai kallo yake gani ta idon wannan kyamara yake ganinsa, har da layukan saiti da suka gicciye hoton. Mu ne muke bin ta a baya tana hawa matakala, mu ne muke shiga ɗakinta, kuma mu take kallo lokacin da fuskarta ta sauya ta fara ihu. Ba a nuna jini ba. Abin da ya biyo baya shi ne mutumin yana zaune a ɗaki mai duhu yana kallon abin da ya ɗauka ta majigi, mu kuma muna bayansa muna kallo tare da shi, sunayen waɗanda suka shirya fim ɗin suna bayyana a kan hoton. A cikin 'yan mintuna Powell ya riga ya sa mai kallo ya ga kisan nan sau biyu, da farko a matsayin mai aikatawa, sannan a matsayin wanda ya zauna ya sake kallo don jin daɗi.

Mutumin shi ne Mark Lewis. Da rana yana aiki a wani kamfanin shirya finafinai a matsayin mai saita idon kyamara domin hoto ya fito tar, da yamma kuma yana ɗaukar hotunan mata masu nuna tsiraici a wani ɗaki da ke saman shagon sayar da jaridu. Gidan da yake zaune nasa ne, gadon mahaifinsa, amma ya ba da ɗakunan ƙasa haya, shi kuma yana raɓe-raɓe a bene kamar baƙo. Makaminsa wuƙa ce siririya da ya ɓoye a ɗaya daga cikin ƙafafu ukun da ake ɗora kyamara a kansu. Sai can kusa da ƙarshe ake bayyana abu na biyu, wanda ya fi wuƙar muni: madubi ne da ya maƙala a jikin kyamarar, ta yadda matar da zai kashe za ta riƙa kallon tsoron da ke fuskarta, shi kuma yana ɗaukar wannan tsoro a faifai.

Zaɓen wanda zai fito a matsayin Mark yana cikin abubuwan da suka fi damun masu sharhi, ko da ba su faɗa a fili ba. Karlheinz Böhm ɗan ƙasar Ostiriya ne, ɗan shahararren jagoran makaɗa Karl Böhm, kuma Turai ta san shi a matsayin kyakkyawan sarki Franz Joseph a jerin finafinan Sissi tare da Romy Schneider. Muryarsa a sanyaye take, idonsa cike da kunya, yana magana kamar mai neman afuwa. Da a ce dodo aka nuna, da mai kallo ya tsane shi ya koma gida da kwanciyar hankali. Powell ya hana mu wannan sauƙi, ya ba mu mutumin da za mu ji tausayinsa alhali mun ga abin da hannunsa ya aikata.

Tushen ciwon Mark yana fitowa ne ta hanyar Helen Stephens, wadda Anna Massey ta fito a matsayinta, yarinyar da ke haya a ƙasa tare da mahaifiyarta. Ranar da ta cika shekara 21 ta hau bene ta kai masa yankin kek, ta roƙe shi ya nuna mata ɗaya daga cikin finafinansa a matsayin kyauta. Abin da ya nuna mata shi ne faifan yarintarsa. Mahaifinsa masanin kimiyya ne da ke binciken yadda tsoro yake aiki a jikin yara, kuma ɗansa na cikinsa ya mayar abin gwaji. Yana tashinsa cikin dare da hasken fitila a ido, yana jefa masa ƙadangare a kan gado, yana ɗaukar hotonsa a gefen gawar mahaifiyarsa, kuma ya sa na'urar naɗar sauti a ɗakunan gidan domin kada kukan yaron ko ɗaya ya wuce shi. Ba da daɗewa ba ya sake aure, kuma kyautar da ya bar wa yaron ita ce kyamara.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa. Wanda ya fito a matsayin wannan uba a faifan shi ne Michael Powell da kansa, yaron kuma ɗansa ne Columba, gawar uwar kuma matarsa ce Frankie. Masu suka sun ɗauki wannan a matsayin shaidar rashin lafiyar tunanin daraktan. Ni kuwa a ganina wannan ne wurin da fim ɗin ya fi gaskiya, domin Powell bai ware kansa daga zargin da yake yi ba. Aikin darakta shi ne ya tsaya a bayan kyamara ya matsa wa mutum har sai hawaye ko firgici ya fito a fuskarsa, sannan ya ce a sake. Powell ya san wannan sana'a ciki da waje, kuma ya yarda ya sa fuskarsa a kan mafi munin siffarta.

Haka nan kisan Vivian, wadda aikinta shi ne tsayawa a madadin jaruma lokacin da ake saita fitilu. Mark ya yaudare ta da alkawarin gwajin fim bayan kowa ya tashi daga aiki. Moira Shearer ce ta fito a matsayinta, 'yar rawar da duniya ta sani a The Red Shoes, kuma tana ta rawa cikin fara'a yayin da shi yake jan fitilu, yana auna ƙasa, yana gyara akwatin da za a tsinci gawarta a ciki. Babu abin da yake yi wanda ba aikin shirya fim na yau da kullum ba ne, kuma wannan ne ya sa wurin yake sanya tsikar jiki tashi.

Mutum ɗaya ce ta gano Mark tun da wuri, ita ce mahaifiyar Helen, wadda Maxine Audley ta fito a matsayinta, kuma makauniya ce. Daga ɗakinta tana jin takunsa da ƙarar majiginsa kowane dare. Wata rana ta hau bene ta jira shi a cikin duhun ɗakinsa, ta shafa fuskarsa da hannunta, ta gaya masa cewa wannan yawan ɗaukar hoto ba lafiya ba ne, ya nemi taimako tun da sauran lokaci. A fim ɗin da kowa yake kallon kowa, wadda ba ta gani ita ce kaɗai kyamara ba ta ruɗe ta ba. Shi kansa Mark ya san halin da yake ciki, shi ya sa ya ƙi ɗaukar hoton Helen, domin ya ce duk abin da ya ɗauka rasa shi yake yi. Lokacin da 'yan sanda suka kewaye gidan, ya jera kyamarori, ya kunna faifan kukan yarintarsa, ya juya wuƙar da madubin zuwa ga wuyansa, ya kammala fim ɗin da ya daɗe yana haɗawa da mutuwar kansa.

Ba zan ce fim ɗin ba shi da rauni ba. Wuraren binciken 'yan sanda ba su da nauyi, kuma likitan ƙwaƙwalwar da aka kawo domin ya ba ciwon Mark suna ya fi kusa da ɗan barkwanci. Amma ba waɗannan ne suka fusata masu sharhi ba.

Kimanin wata biyu bayan haka, a watan Yuni na 1960, Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho a Amurka. Shi ma labarin saurayi ne mai kunya wanda iyaye suka lalata, shi ma yana leƙen mace ta ramin bango, kuma ya fi nuna tashin hankali a fili. Psycho ya tara kuɗi mai yawa. Hitchcock bai yi wa 'yan jarida haskawa ta musamman ba, sai da suka shiga layi tare da jama'a. Bambancin da ya fi girma kuwa yana cikin ginin labarin. Hitchcock ya ɓoye wanda yake kisan har ƙarshe, saboda haka mai kallo yana da wasan gano mai laifi da zai fake da shi, kuma fim ɗinsa baƙi da fari ne. Powell ya nuna mai laifin tun a farko, cikin launuka masu kaifi da Otto Heller ya ɗauka, ya bar mai kallo da tambaya guda, wato me ya zaunar da shi yana ci gaba da kallo.

Ana yawan cewa wannan fim ne ya kashe sana'ar Powell. Gaskiyar ita ce tauraronsa ya fara dusashewa tun rabuwarsa da Pressburger, amma wannan ya rufe masa ƙofofin da suka rage. Bayan The Queen's Guards a 1961, sai da ya tafi Ostiraliya kafin ya shirya They're a Weird Mob a 1966 da Age of Consent a 1969. Peeping Tom kuwa ya isa Amurka a yanke, ya zama fim ɗin da ɗaliban fim suke jin labarinsa, suna neman inda za su gan shi. A cikin waɗannan 'yan gani-kashe-ni akwai daraktan finafinan Amurka Martin Scorsese, wanda ya sa kuɗinsa aka sake fito da fim ɗin, aka haska shi a bikin finafinai na New York a 1979. Scorsese ya sha faɗin cewa wannan fim da 8½ na Federico Fellini sun ƙunshi duk abin da za a iya faɗa game da aikin shirya fim.

Zamani ma ya taimaka. A 1975 Laura Mulvey ta wallafa maƙalarta a mujallar Screen game da yadda silima take mayar da mace abin kallo domin jin daɗin idon namiji, kuma masu nazari suka lura cewa Powell da Marks sun riga sun gina labari sukutum a kan wannan batu shekara 15 kafin nan. Finafinan kisa da suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1970 sun ɗauki dabarar kallo ta idon mai kisa, amma akasarinsu sun bar tambayar da ta zo tare da ita. A 1999 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sa Peeping Tom cikin finafinan ƙasar 100 mafi daraja na ƙarni na 20, kuma a 2023 aka sake gyara hotonsa da sautinsa aka mayar da shi gidajen silima.

Powell ya ga farkon wannan sauyi da idonsa. Ta hanyar Scorsese ya haɗu da Thelma Schoonmaker, mai tace finafinan Scorsese, suka yi aure a 1984. Ya rasu a watan Fabrairu na 1990 yana da shekara 84. Dilys Powell ta jaridar Sunday Times, wadda suna kawai ya haɗa su ba dangantaka ba, tana cikin waɗanda suka yi wa fim ɗin kaca-kaca a 1960. A 1994 ta sake zama ta kalle shi, ta rubuta cewa yanzu ta gamsu gagarumin aiki ne, kuma idan akwai wata rayuwa da za a iya yin magana bayan wannan, wajibi ne a kanta ta nemi Michael Powell ta ba shi haƙuri.