Kafin ka sayi fili a bayan garin Ndjamena, ka san ruwa biyu

Jama'a, bari in kwatanta muku wani bango. A unguwar Waliya yake, cikin arondisma (gunduma) ta 9 ta Ndjamena, babban birnin Chadi. Akwai wani layi mai duhu da ya ratsa shi kusan daidai ƙugun mutum. Sawun ruwa ne. Nan ambaliya ta tsaya ta kwana, ta bar tabonta a jikin siminti. Duk mai neman fili a bayan gari, wannan layin ya kamata ya fara nema a bangon maƙwabta tun kafin ya tambayi kuɗi.

Ndjamena ta zauna ne a inda kogin Logon ya haɗu da Shari, a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, kuma galibinta laka ce mai riƙe ruwa. Saboda haka ruwa biyu ne ke damun birnin, kowanne da lokacinsa.

Na farko ruwan sama. Abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, amma a cikin 'yan watanni yake zubowa, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ga lissafi mai sauƙi. Fili mai mita 15 a 30, wato murabba'in mita 450, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 22,500 ce ta sauka a kansa, fiye da duro 110 na lita 200. Laka ba ta shanye wannan, gangara kuma babu. Sai ya bi kwari ya taru a kududdufan da mutanen gari ke kira buta, waɗanda da yawansu ramukan da aka haƙa ne don buga tubali. To yau an cike buta da yawa da shara da ƙasa an yi gini a kai. Ruwan bai bar zuwa ba, wurin kwanansa kawai aka ƙwace, shi ya sa yake shiga ɗakin mutane.

Na biyun shi ne wanda ke yaudarar baƙo, ruwan kogi. Shari daga Afirka ta Tsakiya yake tasowa ya biyo ta Sarh, Logon kuma daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, ya ratso ta Mundu da Bongor. Ruwan da aka yi a can yakan ɗauki makonni kafin ya iso, don haka kogi ba ya kai ƙololuwarsa a Ndjamena sai Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da sama ta riga ta ɗauke, har an fara jin ƙamshin hunturu. A 2022 haka aka yi: gari a bushe, ruwa ya haura mita 8 a ma'auni, ya shiga Waliya da Tukra, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ranar 19 ga Oktoba. A 2024 ma kogin ya sake cika ya batse. Arondisma ta 9 tsakanin kogunan biyu take, Kusiri ta Kamaru kuma tana tsallake, matsalar iri ɗaya ce. Datsin ƙasa yana tare kogi, gaskiya ne, amma yana kuma tare ruwan saman da ke ciki ya hana shi fita, sai da ƙofar magudana da injin zuƙe ruwa masu aiki.

Yanzu mu zo kan ciko, inda kuɗin mutane ke nitsewa ba su ankara ba. A ce filin nan na mita 450 yana bukatar a ɗaga shi rabin mita. Ƙasa kubik mita 225 ke nan. Da motar ben mai ɗaukar kubik 10, sawu 23 ne, kuma in an daddaɓe ƙasar za ta zauna, sai an ƙara. Ba a zuba ciko gaba ɗaya a hau gini. Ana shimfiɗa shi kashi-kashi, kauri santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa a daddaɓe, sannan a ɗora na gaba. Wanda ya yi gaggawa, damina ɗaya za ta nuna masa: daɓen ɗaki ya lotsa, ƙofa ta ƙi rufuwa, tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace. Harsashi kuma dole ya ratsa cikon ya sauka kan ƙasar asali, domin laka tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Abin da ke riƙe bango a irin wannan ƙasa shi ne ɗaurin kankare da rodi da ya zagaye ginin, ɗaya a ƙasa ɗaya a saman tagogi. In da tubalin laka za a yi, to sahun farko har sama da sawun ambaliya su zama bulo ko gasasshen tubali, domin ginin ƙasa daga gindi ruwa ke cinye shi.

Wani abu da ke ci mana rai: kowa na ɗaga filinsa shi kaɗai. Mai hali ya yi ciko mita ɗaya, ruwansa ya koma gidan marar hali. Daga baya a zo shimfiɗa kwalta a ɗaga titi, gidajen da suka riga titin su koma cikin rami. Da unguwa za ta haɗu ta kira mai awo ya fitar da matakin ƙasa ɗaya ga layin duka, a san inda ruwa zai nufa, da an huta da rabin rigimar maƙwabta. Kwalbati da lambatu ma sai an yashe su kafin Yuni. An hana leda a birnin tun 2010, amma har yau ita da yashi ne ke toshe magudanai.

Sai takarda. A bayan gari yawancin ciniki ta hannun bulama ake yi, a rubuta takardar saye, shaidu su sa hannu. Takardar tana nuna an biya kuɗi, amma a dokokin filaye na 22 ga Yuli 1967, titir fonsiye, wato takardar mallaka ta gwamnati, shi ne cikakkiyar shaidar mallaka. Kafin ka ba da ko dala, ka karɓi lambar sashe, lambar ilo (rukunin filayen da tituna suka kewaye) da lambar filin, ka je ofishin kadastir, wato ofishin awon filaye, a duba maka a taswira: an yanka wurin a hukumance? Filin bai hau kan titi ba, ko wurin da gwamnati ta keɓe don makaranta ko kasuwa? Sannan ka koma ka nemo turakun siminti huɗu na iyaka da idonka, ka auna da tef. Fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne, wanda ya yi gini kan hanya kuwa, ranar rusau takardar bulama ba za ta tsaya masa ba.

Ga kuma kuɗin da dillali ba ya faɗa, kuɗin hanya. Ofisoshi, manyan asibitoci, Babbar Kasuwa da kasuwar Dembe duk suna arewacin Shari. Mazaunin Waliya ko Tukra sai ya bi gadojin Shagwa, kuma wannan hanyar ce manyan motocin kaya ke bi bayan sun taso daga Duwala ko tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, sun ratsa Garwa da Marwa, sun tsallako gadar Ngeli ta kan iyakar Kamaru. Da sassafe da kuma bayan la'asar kowa a maƙogwaro ɗaya yake cushewa. Ƙananan bas suna bin kwalta ne kawai, daga bakin kwalta zuwa ƙofar gida sai klando, wato ɗan acaɓa, mai babur kuma in ya ga taɓo ya ƙara kuɗi ko ya ce ba ya shiga. A ce zuwa da dawowa jaka ɗaya ce a rana, kwana 26 a wata. Sefa 312,000 ke nan a shekara ga mutum ɗaya. In mutum uku ke fita daga gidan, maigida da 'yan makaranta biyu, an doshi miliyan. Ka ɗora wannan kan kuɗin filin da na ciko kafin ka kwatanta shi da fili mai tsada kusa da kwalta.

Ruwan sha da masai su ma suna jiran mai gini. Inda famfo bai kai ba, kowa na haƙa rijiyar burtsatse ta hannu a tsakar gida. Ƙa'idar lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A fili mai tsawon mita 30, ga masan maƙwabci a bayan katanga, da wuya a cika wannan. Dabarar da ta rage ita ce rami marar zurfi da aka gina bakinsa sama da sawun ambaliya, a liƙe wuyan rijiya da siminti, layin kuma su yarda kowa ya kai masansa bayan gida, rijiyoyi su tsaya ta gaba.

Dillalai sun fi son kai mutum ganin fili a Maris ko Afrilu, ƙasa ta bushe ƙayau, mota na shiga har ƙofa. Ka je, amma ka sake komawa sau biyu da ƙafarka: ƙarshen Agusta washegarin babban ruwa, da ƙarshen Oktoba lokacin cikar kogi. In ka tarar da ƙasa ta dare faɗin yatsa biyu da rani, ko bawon katantanwa a warwatse, ko kwalekwale a kife a bayan gidan wani, ka tambayi matan layin wata nawa suke yi suna cire takalmi kafin su kai bakin titi.