Nono ba na jariri kaɗai ba ne: laccar da aka yi wa matan aure

Wannan laccar wata ungozomar asibiti ce ta gabatar da ita a wani taro na matan aure zalla, ni kuma na zauna na rubuto ta daga rikodin ɗin da aka ɗauka a waya, inda hayaniya tayi yawa na tsallake.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena da ƙannena barkanmu da warhaka. Na ga tunda aka faɗi abinda zanyi magana akai wasu suka fara jan mayafi suna rufe fuska, Hajiya ta can baya ma har ta fara neman takalminta, dan Allah Hajiya ki zauna, babu namiji a wajen nan, yaran ma an fitar dasu. Nana Aisha Allah ya ƙara mata yarda ta yabi matan Madina, tace kunya bata hana su neman sanin addini ba, kuma Ummu Sulaim da bakinta ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko akwai wanka akan mace idan tayi mafarki. To mu su waye da zamu fi su kunya.

Maganar yau akan nono ne, ko mama, ko na shanu kamar yadda yaran yanzu ke rubutawa a waya, musamman kan nonon, da irin rawar da yake takawa tsakanin miji da mata. Shekaruna da yawa a ɗakin haihuwa, kuma abinda na lura dashi shine mu dai an taso damu akan cewa wannan wajen kwanon abincin jariri ne kawai, shikenan. Ranar da za'a kai yarinya ɗakin miji za'a haɗa mata tsumi da gumba da kaza, a cika ta da turaren wuta da humra, amma babu mai zaunar da ita yace mata ga yadda jikinki yake aiki.

Bari in fara da halittar wajen. Kan nono da wannan baƙin zagayen dake kewaye dashi cike suke da ƙananan jijiyoyi masu ɗaukar saƙo, babbar jijiyar dake kula dasu tana fitowa ne daga tsakanin haƙarƙari, wajen na huɗu, ta ratso ta gefen ƙirji ta iso kan nonon. A ƙarƙashin fatar kuma akwai wani siririn nama mai tsukewa da kansa ba da izininki ba, shi yasa idan sanyi ya buge ki lokacin hunturu ko aka taɓa wajen sai kiga ya miƙe yayi tauri. Ku riƙe wannan da kyau, miƙewar kan nono ba kullum take nufin sha'awa ba, ruwan sanyi ma yana sa haka, don haka maigida kada ya ga haka yace ai an gama shiri.

Idan aka taɓa wajen saƙo yana tafiya ƙwaƙwalwa, ita kuma sai ta saki wani sinadari da muke kira oksitosin. Kun san shi wallahi, sunan ne kawai baku sani ba. Wacece aka taɓa sa mata ruwan naƙuda anan? Yauwa, hannaye da yawa. To abinda ke cikin wannan ruwan kenan, an dai haɗa shi ne a kamfani. Kuma wacece ta tuna ranakun farko na jego, da zarar jariri ya kama nono sai mara ta murɗa kamar naƙuda ta dawo, jini ya ɗan ƙara zubowa? Shine dai, jariri yana tsotso a sama mahaifa tana tsukewa a ƙasa, shi yasa muke matsa muku ku sa yaro a nono da zarar an haihu don mahaifa ta koma jini ya tsaya. To kunga ashe tun asali akwai waya a haɗe tsakanin sama da ƙasa, ba wani baƙon abu nazo dashi ba, kowacce mai jego ta taɓa jin wannan wayar tana aiki. Wannan sinadarin kuma jiki yana sakin sa lokacin runguma da lokacin da mace ta samu gamsuwa da mijinta.

A shekarar 2011 wasu masana a jami'ar Rutgers dake Amurka, ƙarƙashin wani malami Barry Komisaruk, suka saka mata 11 a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna son su ga ina ne yake amsawa idan an taɓa sassan jiki daban daban. Da aka zo kan nono sai wajen ƙirji a ƙwaƙwalwa ya amsa kamar yadda aka zata, amma kuma sai ga wajen dake karɓar saƙon al'aura shima ya amsa. Mata 11 ba yawa bane, na yarda, amma abin ya dace da abinda mata suka daɗe suna faɗa, har akwai waɗanda ta nan kaɗai suke kaiwa ga biyan buƙata ba tare da an je ko'ina ba. Ba su da yawa, kuma idan ke ba kya cikinsu lafiyarki ƙalau, kar ki je gida ki tada hankalinki.

Kafin wannan, a 2006, wasu masana biyu Roy Levin da Cindy Meston sun tambayi ɗaliban jami'a kusan 300 maza da mata. A cikin matan kusan 82 cikin ɗari suka ce taɓa wajen yana tada musu sha'awa ko ya ƙara ta, a cikin mazan kuma kusan 52 cikin ɗari. Eh mazan, kun ji ni da kyau (dariya). Rabin su fa. Suma suna da jijiyoyin nan a ƙirjinsu, girman kai ne kawai bazai bar Alhaji ya faɗa ba. Sannan akwai kamar 7 cikin ɗari da suka ce su kam abin kashe musu sha'awar ma yake yi. Waɗannan ƴan bakwai ɗin nafi so ku riƙe, domin a ɗakin nan ma akwai su, kuma sun daɗe suna zargin kansu ko anyi musu asiri ko aljani ya shafe su, alhali abincin wani gubar wani ne kawai.

Kuma ko ke ɗin da kike so, ba kullum jikinki yake ɗaya ba. Kwanaki kaɗan kafin al'ada nono yakan cika yayi nauyi yayi tsami, ko rigar mama kika sa sai kiji kamar ki cire, to a irin wannan lokacin abinda ya miki daɗi sati biyu da suka wuce yau azaba ne. Farkon ciki ma haka, wata ma da wannan tsamin take gane ta samu. Lokacin shayarwa kuma wata yini guda yaro na rataye a jikinta, kan nonon ya tsage, ga wankan jego ga rashin bacci, dare yayi kuma uban yaron ya miƙo hannu nan ɗin dai, wallahi wata ji take kamar ta kurma ihu. Ba ƙin miji bane, gajiya ce, kuma wani sinadarin daban dake samar da ruwan nono yana rage sha'awa yana kuma kawo bushewar gaba, idan aka yaye ko yaro ya fara cin abinci abin yana dawowa. To shi bawan Allah ina zai san duk wannan in baki faɗa masa ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nasan abinda zaku ce, Sista ta ina zan fara, yace a ina na koyo. Wannan tsoron gaskiya ne bana raina shi. Amma ba sai kin tsaya kinyi masa lacca irin tawa ba, hannunsa zaki kama ki mayar inda kike so, ki sassauta shi idan yayi ƙarfi, kice a hankali, kice nan yafi, kice yau wajen yana min ciwo. Mafi yawan koken da nake ji ɗaya ne, wai murɗawa yake kamar mai neman tasha a rediyo (dariya sosai), ko ya damƙa kamar yana kwaɓa fulawa. Wajen nan fatarsa siririya ce, ana farawa ne daga nesa, kafaɗa, wuya, gefen ƙirji, ƙasan nonon, a zagayo a hankali kafin a iso kan, saboda idan sha'awa ta riga ta motsa jini ya taru a wajen, taɓawar da da farko zata yi zafi sai ta koma daɗi. Sannu bata hana zuwa. Kuma wannan wasan ba bidi'ar Turawa bace, a hadisin Jabir da Bukhari da Muslim suka ruwaito Annabi (SAW) ya ambaci mace da miji suna wasa da juna, kana mata wasa tana maka, kowa da rabonsa.

Sai maganar girma. Ƙannena ku daina kashe kuɗinku. Yawancin abinda ke sa nono girma kitse ne, kitse kuma ba shi ke ɗaukar saƙo ba, mai ƙarami da mai babba duk jijiyoyin suna nan, wanda ya kwanta bayan haihuwa biyar ma jijiyarsa bata mutu ba. Mayukan nan da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok na ciko da tayar da komaɗa, babu lambar NAFDAC babu sunan abinda aka zuba a ciki, na ga wadda tazo fatar wajen duk ta saɓule saboda ta shafa wani haɗi ta ɗaure da leda ta kwana, tana kuka tana cewa kar a gaya wa mijinta. Man zafi ma kar ki kuskura, balle in kina shayarwa yaro ya tsotsa.

Masu ciki ku saurara nan. Tunda nace muku taɓa kan nono yana sa mahaifa tsukewa, mai lafiyayyen ciki wasa na ɗan lokaci ba zai mata komai ba. Amma wadda take yawan ɓari, ko ta taɓa haifar bakwaini, ko tana ganin jini, ko an ce mata mabiyiya ta sauko ƙasa ta tare hanya, ko an ɗaure mata bakin mahaifa, to a bar wajen sai kin tambaya a wajen awo. Kuma kar wadda ta ji wannan ta koma gida ta ce bari ta tado wa kanta naƙuda.

An miƙo min takardu, bari in duba. Wannan tana cewa idan ruwan nono ya shiga bakin miji aure ya ɓaci? Ƙanwata aurenki na nan daram. Shayarwar da take haramta aure ita ce ta yaro a cikin shekara 2, malamanmu na Malikiyya suka ƙara ɗan abinda ya kusanci haka kamar wata 2, gemu da furfura baya zama ɗanki don ya haɗiyi nono. Kuma zubowar ruwan a lokacin ba ciwo bane, oksitosin ɗin nan ne dai ya matso shi, ki shayar da yaro kafin ku kwanta ki ajiye tawul kusa.

Ta biyu, lokacin al'ada fa? Abinda aka hana shine saduwa, Nana Aisha ta faɗa cewa idan tana haila Annabi (SAW) yakan umarce ta ta ɗaura zane sannan ya rungume ta, ƙirji kuma yana sama da zane. Da rana a azumi dai a haƙura, don a mazhabarmu ko maziyyi ne ya fita ta wannan hanyar sai an rama. Wanka kuma, in maziyyi ne kawai ki wanke ki sake alwala, in kuwa kin kai ga biyan buƙata har maniyyi ya fita to wankan janaba ya hau kanki ko ba'a sadu ba. Malama tana nan zata ƙara bayani bayan la'asar, fagenta ne.

Ta uku babu tambaya, cewa tayi mijinta ne ya ji wani ƙullutu a nononta na hagu wata 3 kenan, baya ciwo shi yasa ta share. Baiwar Allah ko wacece ke, rashin ciwon nan shi yafi damuna, sankarar mama sau da yawa haka take farawa shiru. Yawancin ƙullutu ba sankara bane, amma hannu baya iya rabewa sai an duba. Duk wadda taji ƙullutu a nono ko a hammata, ko taga jini na fita ta kan nono, ko kan da yake a waje ya shige ciki, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, asibiti zata nufa ba wajen mai sakiya ba. Ke mai takardar nan ba sai kin ɗaga hannu ba, idan an tashi zan tsaya a ƙaramin ɗakin can na kusa da famfo, ki shigo kamar zaki gaishe ni. Saura takarda nawa? To a miƙo min ruwa tukunna.